Haƙoran Zomo a Ƙofar Ɗaki Tara

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa. A gidan hayar, da ma layin gaba ɗaya, Sai-ya-bushe ake kiransa, saboda duk aikin da ya gama sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Kar a taɓa sai ya bushe." Kafin ya bushe kuwa ya yi nisa. Wanda ya ja ƙofa ta zo masa a hannu, ko ya zauna a benci ya tsinci kansa a ƙasa, sai dai ya zagi iska. Shi kansa Kafinta yake kiran kansa, yana faɗa yana buɗe ƙirji, don haka mu ma bari mu ara masa sunan, ba don ya ci shi ba.

Shekara bakwai ya yi a hannun wani kafinta na gaske. Abokan koyonsa suka fito sun iya yanka katako ya shiga cikin ɗan'uwansa ko ƙusa ba a sa ba. Shi abu ɗaya ya fito da shi: ya kwaɓa garin katako da gam, ya cusa a rami, ya bi da fenti. A wannan kam babu na biyunsa, a ba shi haƙƙinsa. Matarsa ta haifa masa 'ya'ya huɗu, ta yi haƙuri da shi ta kowace fuska, amma kujerun ɗakinta a kasuwa ta sayo su, ta kuma ce ranar da ya kusance su da guduma za a ji kansu.

Irin wannan mutum ba ya rasa ubangida. Nasa shi ne Wakili, mai kula da wani bene hawa uku, ɗaki ashirin da huɗu, wanda mai shi ba ya ko leƙowa. Wakili yana son gyaran da za a gani a hoto, Kafinta kuma shi ya iya. Aka ba shi lungun ƙarƙashin matakala ya ajiye zarto da gwangwanayen fenti, ya kafa kujera. Shekara goma sha tara ke nan yana wurin, yana miƙewa tsaye in Wakili ya shigo, yana dariya tun kafin Wakili ya kai ƙarshen barkwancinsa.

Ƙofar ɗaki na tara, a hawa na biyu, aikinsa ce. Da katakon da gara ta riga ta ci ya yi ta, ya cike ramukan, ya shafa koren fenti. Ruwan wankin baranda yana taruwa a gindinta, sai ƙasan ya riƙa marmashewa. Sau uku yana ƙara mata fenti.

A bayan wannan ƙofa wata tsohuwa take zaune da 'yarta. 'Yar ta kai arba'in, a ɗakin wanki na asibiti take aiki, ta fita da sassafe ta dawo da la'asar. Tsohuwar kowa Inna yake ce mata. Idonta ya tafi shekara shida da suka wuce, amma sai da ta ga ɗakin da kyau kafin ya tafi, don haka ba ta neman ɗan jagora a cikinsa. Daga gado ta dafa bango, taku huɗu ta kai taga, ta juya hagu ga tulun ruwa, gaba kaɗan ga ƙofar banɗaki. Ta san inda siminti ya tsage, ta san inda rana ke sauka da hantsi. Duniyarta ke nan kaf, kuma a cikinta ba makauniya ba ce.

Abokin zamanta zomo ne, fari mai baƙin kunne ɗaya. 'Yar ce ta kawo shi don kada uwar ta wuni tana magana da bango. Inna ta sa masa suna Auta. Yana da kejinsa na waya a gefen gado da tiren da yake kashi a ciki, amma mafi yawan yini a cinyarta yake, tana ba shi ganyen latas tana ba shi labarin mutanen da suka mutu tun kafin a haifi kakansa. Ba ya kuka, ba ya wari, bai taɓa taka baranda ba. Shi kansa Kafinta ya sha shan shayi a ɗakin nan, Inna tana cewa, "Ɗan nan, ƙara sukari, aikinku na ƙarfi ne."

Sai ga shi unguwar ta fara tsada, kuma Wakili ya lura cewa tsofaffin 'yan haya su ne ba sa kawo abin kirki. Ya ɗora ido a kan ɗaki tara. Ya hau ya ce gidan nan ba a kiwo, ko zomo ya fita ko su fita tare. Ya zaci zai tarar da kuka da roƙo. Sai 'yar ta buɗe akwati ta ɗauko takardar yarjejeniya a cikin leda, ta ce, "Ranka ya daɗe, nuna mini layin da ya hana." Babu shi. Abin da ke ciki kawai shi ne, in ɗan haya ya lalata wani abu na gidan ana iya tashinsa. Washegari ta nemi izini a wurin aiki, ta tafi ofishin da ke sasanta masu gida da 'yan haya, aka ce za a turo mai bincike ranar Alhamis.

Ranar Litinin Wakili ya tsaya a bakin lungun. Kafinta ya yi zumbur ya miƙe.

"Ƙofar ɗaki tara, me ya ci gindinta?"

"Ruwa ne, Oga, da ɗan gara."

"Ruwa da gara," in ji Wakili, yana kallon gwangwanayen fenti ɗaya bayan ɗaya. "To. In mai binciken ofis ya rubuta haka, mai gida zai tambaye ni wa ya yi ƙofar. Ni dai na ji an ce zomo yana gaigayar katako."

Kafinta ya sosa ƙeya. "Ai kuwa yana gaigaya, Oga. Sosai ma."

Wakili bai ce masa ya yi komai ba, bai kuma yi masa alkawarin komai ba. Abin takaicin ke nan. Wasu ana sayensu da tsada, wasu da araha, shi kallon gwangwani kawai aka yi ya sayar da kansa.

Ranar Talata da hantsi, bayan masu aiki sun watse, ya hau da ƙaramin cizal na sassaƙa da guduma. In 'yar ta fita, Inna tana sa sakata daga ciki. Ya tsaya ya yi tunani: in ya ƙwanƙwasa za ta buɗe, ta ja shi da hira, ta dafa shayi. Ina amfanin wannan wahala? Ƙofa ai ƙofa ce. Ya durƙusa a baranda ya fara sassaƙa 'yan layuka bibbiyu a gindinta, yadda yake zaton haƙoran zomo suke yi. A duk rayuwarsa bai taɓa nutsuwa a kan aiki kamar ranar ba. Har harshe ya fito da shi gefe.

"Wane ne?" Muryar Inna ce daga ciki.

Ya yi tsit, sai tari ya tona shi.

"Au, ɗan nan, kai ne? Yau dai Allah ya kawo ka kan ƙofar nan?"

"Ni ne, Inna. Gyara nake."

"Sannu da aiki. Iska ta ishe ni ta ƙasan nan, har Auta yana atishawa. Allah ya yi maka albarka, ya shirya maka 'ya'yanka."

"Amin, Inna," in ji shi, ya ci gaba da sassaƙa. Da ya gama ya debi ƙasa ya murza a wurin don ya yi kama da tsoho, ya ja baya ya duba, abin ya burge shi. Washegari 'yar ta wuce ta gaishe shi kamar kullum, fuskarta ba yabo ba fallasa, shi kuwa ya ce a ransa magana ta ƙare.

Mai binciken ta zo ranar Alhamis, gajeruwar mace da tabarau da fayil, wadda da gani ta gaji da ƙaryar mutane. Wakili yana gaba yana zuba bayani, Kafinta yana baya a matsayin gwani, ya ma saka rigarsa mai aljihu da fensir a kunne. 'Yan haya biyu-uku suka leƙo. Aka nuna mata gindin ƙofa.

"Malam, kai ne kafintan gidan? Mene ne wannan?"

"Haƙorin zomo ne, ranki ya daɗe. Shekara talatin ina wannan sana'a, ko a mafarki na gan shi na san shi."

Ta durƙusa ta shafa da yatsa. Ta tura ƙofar ta leƙa bayanta, ta ga ruɓaɓɓen katako amma babu layi ko ɗaya. Ta dawo waje.

"Zomon a ina yake kwana?"

"A ciki," in ji 'yar.

"Yana fitowa baranda?"

"Bai taɓa ba," in ji wata maƙwabciya, ba tare da an tambaye ta ba.

"To ikon Allah," in ji matar. "Zomo yana ciki, haƙoransa suna waje."

Wani ya fashe da dariya ya toshe baki. Kafinta ya fara kame-kame, wai ai zomo dabba ce mai wayo, wai yana iya zuro kai ta ƙasa ya juyo. Ramin ƙasan ƙofar kuwa ko wutsiyar ɓera da ƙyar za ta wuce. Nan 'yar ta juya ta ce, "Inna, faɗa mata abin da kika faɗa mini shekaranjiya."

Inna tana zaune bakin gado, Auta a cinya, fuskarta a sake. Ba ta san me ake nunawa ba.

"Ƙofar? Ai an gyara ta. Ɗan nan ne ya zo ranar Talata, ya daɗe yana bugawa daga waje, bawan Allah. Ko ruwa bai sha ba."

Baranda ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo har Inna ta daina shafa zomon. Ta karkata kai wajen da numfashin Kafinta yake, ta ce a hankali, "Ba gyara ba ne?" Gumi ya karyo wa gwani, fensir ya zame daga kunnensa ya faɗi, bai ko sunkuya ya ɗauka ba. Wakili kuwa ya dube shi da mamaki irin na wanda bai taɓa jin labari ba, ya ce, "Kai, ashe haka kake? A gidana?"

Matar ta rubuta abin da ta gani: yarjejeniya ba ta hana zomo ba, zomo bai lalata komai ba, mai gida ya canza ƙofa cikin mako biyu. 'Yan haya suka yi ta murna, ana cewa ashe talaka ma yana da haƙƙi. Yana da shi mana, a takarda. Ba a yi kwana goma ba Wakili ya kawo wata takardar, wannan karon lauya ne ya rubuta: za a yi wa hawa na biyu gyara gaba ɗaya, an ba kowa wata uku ya tashi. 'Yar ta sake komawa ofis. Matar nan ta karanta, ta cire tabarau, ta ce wannan kam bisa doka yake, babu abin da za ta iya.

Ana iya zaton an kori Kafinta. Ina! Wa Wakili zai samu kamarsa? Kwana biyu ya yi yana shan zagi, a na uku aka ba shi aikin ƙofofin hawa na biyu duka takwas. Ranar da mutanen ɗaki tara suka kwashe kaya, sai ya tuna yana da sayayya a kasuwar katako, bai dawo ba sai da mota ta tafi. Ya gaya wa matarsa cewa shi dai aiki aka sa shi. Ta dube shi, ta ɗauke kwanon da ke gabansa tun bai gama ba.

Bayan wata biyu ya haɗu da 'yar a tashar bas, ta fito daga asibiti da jakarta, ta rame. Mai kunya da ya tsallaka titi. Shi sai ya washe baki ya nufe ta.

"Ƙanwata! Kwana da yawa. Ya sabon wuri? Ya Auta?"

"Auta lafiya lau. Mai gidan bai hana ba."

"To madalla, kin gani! Komai ya wuce. Ya Inna?"

Ta gyara riƙon jakarta.

"Inna ba ta sauka daga gado yanzu. Satin farko ta tashi ta dafa bango inda ta saba, babu bango a wurin, ta faɗi. Tun daga ranar ko banɗaki sai na dawo na kai ta. In na fita sai ta rungume zomon ta ce in gaya mata ƙarfe nawa zan dawo."

"Ash, ash," in ji Kafinta, yana kaɗa kai. Sai fuskarsa ta yi haske, dabara ta zo masa. "Ai wannan mai sauƙi ne. Katako za a kafa mata a jikin bango ta riƙa dafawa, daga gado har banɗaki. Ki ba ni kwatancen gidan, ni zan yi muku. Ke ai ta gida ce, zan yi miki ragi."

Bas ta tsaya, ta shiga. Ya bi tagar yana ɗaga murya, yana tambayarta ko Asabar ta yi mata.