Taswirar Yaƙi a Falonmu

A unguwar Flatbush ta Amurka na sayi taswirar yaƙin duniya na biyu, sabon bugu da aka rina ya yi kamar tsoho, na rataya a falonmu. Da kawuna ya zo daga Jos ganin likita, na dawo daga aiki na tarar da shi gabanta da tabarau, yana bin wata jar kibiya da yatsa.

Ya ce, "Ɗana, jirgin ƙasan nan naku ba zan hau ba. Jan layin nan cikin teku ya faɗa."

Na ce, "Kawu, ai sojoji ne ke tsallaka ruwa, ba hanyar jirgi ba ce."

Ya ƙara dubawa, ya ce duk da haka bas za mu shiga. Washegari muka makara asibiti.