Mai Gyaran Rediyon da Ya Dawo Mini da Muryar Inna

"Umma, wai kakata 'yar katun ce?"

'Yata Rumaisa, mai shekara biyar, ita ta yi mini wannan tambaya ranar da na kunna mata kaset ɗin da mahaifiyata ta bari. Ban yi mata faɗa ba. Muryar siririya ce, tana gudu, kamar ta ɓerayen nan da yara ke kallo a waya. Ina shekara uku Inna ta rasu. Kaset ɗin saƙo ne da ta ɗaukar wa yayanta mai ci-rani a Legas, kuma duk duniya ba ni da wata muryarta sai wannan. Na daɗe ina saurarensa ni kaɗai, ina jin kunyar kunna wa kowa.

Wata maƙwabciya ce ta tura ni wajen Malam Mainasara, mai gyaran rediyo a bayan tashar Tudun Wada.

Kullum da hantsi yake buɗe rumfarsa. Ya share, ya yayyafa ruwa, ya jera tsofaffin rakodoji a kan benci, ya zauna. Shekara talatin da takwas ke nan. Yanzu sai ya wuni babu wanda ya tsaya, sai mai yi masa sannu daga kan babur. Duk da haka masu shago a layin sun san shi da abu ɗaya. Malam Abdullahi tela ya ba ni labarin yadda 'yarsa ta riƙa firgita da muryar wani katun, wai aljani ne. Mainasara ya ɗauki muryar a kaset, ya rage mata gudu a gaban yarinyar, sai ga wani ƙato yana magana kamar kowa. Daga ranar tsoro ya ƙare.

Da ya saurari nawa, sai ya ce, "'Yata, ba haka muryarta take ba. Batir ne ya yi sanyi ranar da aka ɗauka. Kin san mutanenmu, a shanya batir a rana a mayar. Injin ya ja zaren a hankali, shi ya sa in aka sa a mai lafiya yake gudu."

Ya kwance bayan rakodarsa, ya nuna mini ɗan wurin da ake murɗawa. Sai kuma ya ajiye sukundireba.

"Ni ban san ta ba. In na rage da ka, sai in ba ki muryar wata mata ki riƙe a matsayin uwa. Akwai wanda ya san ta da ke raye?"

Bayan kwana biyu na ɗauko Gwaggo Laraba, ƙanwar babana, daga Bebeji. Gida ɗaya suka zauna da Inna. Malam Mainasara ya ba ta kujerarsa, ya durƙusa yana murɗawa kaɗan-kaɗan.

"Rage. Rage dai. Kai Mainasara, ka mai da ita namiji!"

"Hajiya, ke kika ce in rage."

"Na ce ka rage, ban ce ka kashe ba. Koma baya."

Ya koma. Sai Gwaggo ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan. Safara'u ce."

Sunan Inna ke nan. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Murya ce mai ɗan kaushi, mai natsuwa. Kalmomin duk na haddace su tuntuni, amma ban taɓa sanin cewa dariya take yi ba a daidai inda ta ambaci sunana. Ya juye mini a waya, ya ce in adana kaset ɗin nesa da zafi.

Malam Mainasara, kai ne mai haƙurin da ya ƙi yi wa marainiya ƙarya alhali ba za ta taɓa ganewa ba. Kai ne ka zauna a rumfar da mutane suka daina shiga, har na zo na same ka. Na gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya jiƙan magabatanka. Duk mai sana'a ya koyi wannan: in ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka nemo wanda ya sani.

Malam Mainasara ya gaya mini kunnensa na hagu ya fara nauyi. Bayan babbar Sallah zai rufe ya koma gona a Ɗansoshiya, kuma har yau babu wanda ya zo koyo.

Don haka mai karatu, in akwai irin wannan kaset a ƙasan adakar gidanku, kada ka ce sai wani lokaci. Ka kai shi yanzu, kuma ka tafi da tsohon da ya san mai maganar. Mai gyara na shirin tashi, mai shaida kuma ba ka san kwanansa ba. In ka rasa ɗaya daga cikinsu, ka rasa muryar har abada.