Ƙarfen da Mma ta Naɗe a Farin Ƙyalle

Kwamfutar kan tebur da ke ɗakina a Moshi Zango, cikin Kumasi, ta tsufa har ta fara raina ni. In na kunna ta, sai in yi wanka, in sha koko, in dawo in tarar tana nan tana gurnani. Da haƙurina ya ƙare, na je Tafo na sayo sabon faifan ajiya, irin wanda ake kira SSD, ɗan siriri da bai fi tafin hannu ba. Ranar wata Juma'a da safe na kwance bayan kwamfutar na hau aiki.

Sabon faifan ƙarami ne, abin da aljihuna ya iya ke nan. Tsohon kuwa kashi biyu yake: ɗaya na tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, ɗaya na ajiyata. Kashin farko kaɗai zai shiga. A kashi na biyu kuma akwai muryar Baba. Kafin ya rasu na riƙa zaunar da shi ina ɗauka. Yakan buɗe da sallama da Fatiha, sannan ya kawo labarin yadda ya koro shanu a ƙafa daga arewa har Kumasi, da sunayen kakanninmu ɗaya bayan ɗaya. Ba ni da kwafinta a ko'ina. Shekara biyu ina cewa gobe zan kwafe.

Na haɗa faifan biyu, na duba sau uku wanne za a kwafa, wanne zai karɓa, domin in ka juya su, wanda ba komai a ciki ne zai shafe mai kaya. Na danna. Layin da ke nuna tafiyar aikin ya riƙa jan ciki, ni kuma idona na kan ƙwan lantarki, ina roƙon Allah kada a ɗauke wuta. Ba a ɗauke ba. Na cire tsohon faifan na ajiye a bakin taga, don in ga ko sabon zai tashi shi kaɗai. Kafin in gyara zama ya tashi.

Daɗi ya ɗebe ni. Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, ta leƙo da tsintsiya a hannu, ta nuna ƙarfen da ke taga.

"Ba shi ne karatun Babanku yake ciki ba?"

"Komai ya koma sabon, Mma. Wannan ya gama aiki."

Ƙarya na yi, ta burga da ƙyuyar bayani. Me zan ce wa tsohuwa game da kashi biyu? Tun rasuwar Baba ma ba ta taɓa yarda ta saurara ba. In na kunna, tashi take ta bar wurin. Na fita aski abina.

Da na dawo, taga wayam. Na fara zargin masu sayen tsoffin ƙarafa da ke yawo suna kiran "kondem". Na tambayi Mma ko su ne, tana tsakar gida tana yanka kontomire, ganyen gwaza, da wuƙa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kondem kuma? Abin da sunan Allah yake ciki? Na naɗe shi a farin ƙyalle tare da tsoffin takardun Babanku, kawunka ya kai masallaci."

A unguwarmu, takardar da ke ɗauke da aya ba ta shiga bola. Ana tarawa, ranar Juma'a kafin sallah ladan ya ƙone a bayan masallaci, ya binne tokar. Mma ta yi wa ƙarfen mutuncin da ya dace da shi, bisa maganar da ni na faɗa mata.

Ban san na iya gudu haka ba. Na tsallake kwata, na kusa ture tiren mai wake da shinkafa, tana bi na da kiran da ake wa aboki a nan, "Kai, cale, lafiya?" Tun daga lungu na hango hayaƙi. Ladan, dattijo mai jan gemu, yana tsaye gaban rabin durom, kuma a idona ya jefa farin ƙunshin. Na cusa hannu na fizgo shi, gefen ƙyallen na ci, na murje da tafina. Ladan ya yi salati ya ce ko na haukace. Ban tsaya ba shi amsa ba, na dai ce ya yafe ni.

A ɗaki yatsuna biyu sun tashi saboda ƙuna, da kyar na soka wayar. Ƙarfen da ɗumi, yana warin hayaƙi. Na kunna. Shiru. Sai ɗan ƙara, ƙas, ƙas, sannan gurnanin nan da na tsana ya taso. Ban taɓa jin abin da ya kai shi daɗi ba. Kashi na biyu ya bayyana, na buɗe muryar farko a jerin, ban lura lasifika a ƙure take ba.

Baba ya yi gyaran murya, yadda yake yi in ya shigo gida daga kasuwar shanu. "Assalamu alaikum."

Daga tsakar gida na ji ƙarar wuƙa ta tsaya.

"Wa alaikumus salam, Alhaji," in ji Mma. "Sannu da zuwa."