Ari da Kifaffiyar Kujera

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Ari makwancinsa. Ban yi niyyar rubuta komai a kansa bana ba, don a ganina addu'a ta fi masa amfani bisa surutuna a jarida. Amma wani abu ya same ni a kakar nan da ya hana ni sakat. In na zauna a zaure sai in miƙe, in na fita ƙofar gida sai in koma ciki. Na ce to, tunda ƙafa ta daina kai ni ko'ina, bari hannu ya yi tafiyar.

Ga wanda bai san shi ba, Ari direba ne, jinin Barebarin da suka zauna Damagaram tun kaka da kakanni. Tare muka tashi a Zango. Ni na bi lakwal, wato boko, har na zama malamin makaranta, shi ya bi tasha. Yana da wata tsohuwar bashe, irin ƙaramar motar nan mai rumfar tamfol a baya, da ita yake jigila daga Zinder zuwa Takieta, ranar kasuwa ya zarce ƙauyukan Garagumsa. Ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba: Ari masifaffe ne. Yana faɗa da fasinja, yana faɗa da jandarma, yana faɗa da motar kanta, wadda yake kira Gwaggo. In ta ƙi tashi da safe duk layinmu sai ya ji irin gorin da yake mata.

Wannan masifaffen ne ya kawo mana al'adar kife kujera. Wata rana da bazara, rana tsaka, ya ci karo da Baba Ɗanjumma yana takawa da sanda a bakin kwalta, za shi gaisuwar mutuwa can ƙarshen gari. Baba Ɗanjumma tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana ratsa hanyar Agadas kafin ido ya ajiye shi. Ari ya taka birki ya hau shi da faɗa, me ya sa bai aiko ba, ga mota a layi ɗaya da shi. Tsohon ya bari sai da ya gama, sannan ya ce, "Ari, bakin da ya saba cewa 'hau' ba ya iya cewa 'ɗauke ni'."

Maganar nan ta tsaya wa Ari a wuya. Bayan La'asar ya tare mu a ƙofar masallaci, duk mu masu abin hawa a layin, ya shimfiɗa mana doka biyu kamar shi ne mai unguwa. Ta farko, duk tsoho ko tsohuwar da ke son zuwa wani wuri, ya fito da kujerarsa 'yar tsugunno ya kife ta a ƙofar gida, ya koma zaure ya zauna abinsa. Ba aike, ba roƙo, ba tsayuwa a rana ana ɗaga hannu. Ta biyu, wanda ya ga kujerar ya tsaya, kuma kada ya kuskura ya ce "zo in kai ka". Abin da zai ce shi ne, "Baba, ku zo ku raka ni." Wani ya tambaye shi mene ne bambancin, tunda tafiyar ɗaya ce. Ari ya ce in bai ga bambancin ba ya jira ya tsufa.

Mun yi masa dariya a ranar, amma abin ya kama. Mai amalanke ya shiga, mai babur ya shiga, ni ma da 'yar motata na shiga. Na kai tsofaffi likita, na kai su suna da jana'iza, na taɓa kai wata tsohuwa har bayan gari don kawai ta ga ko gonar mijinta tana nan inda ya bar ta. Ba wanda ya rubuta komai, ba shugaba, ba taro. Ka fito da safe za ka aiki, idonka da kansa yake bin ƙofofin gidaje. Ari kuwa ya kai abin har ƙauyukan da yake bi. Gidan gaba na Gwaggo ba ya sayar da shi ga kowa, ko da mai rawani ne, don bai san ƙofar da zai tarar da kujera ba.

Shi ma nasa lokacin ya zo. Hawan jini ya taɓa masa ɓarin jiki, Gwaggo ta koma hannun wani. Ran da na fara ganin kujera a kife a ƙofarsa sai da na wuce na tsaya gaba kaɗan, na share ido, sannan na dawo da baya. Na leƙa zaure na ce, "Ari, zo ka raka ni." Ya dube ni da bakin nan nasa da ya karkace ya ce, "Ja'iri, da makamina za ka yaƙe ni?" Muka tafi yana gyara mini tuƙi har muka dawo. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa, amma ni a lokacin gani nake tsufa na wasu ne.

Ina yawan tambayar kaina me Ari zai ce da zai leƙo Zinder ta yau. Abin hawa dai bai taɓa yawa kamar yanzu ba. Kabu-kabu ko ta ina, adaidaita na bin lungu-lungu, kowa da salula a hannu, ka kira a zo har ƙofa. Na san da farko zai yi murna, ya ce an huta. Sai ya zauna kwana biyu ya lura da su wa ke hawa. Zai ga wanda ke iya ɗaga ƙafa ya haye bayan babur, da wanda idonsa ke ganin lambobin waya, da wanda ƙashinsa zai jure a cusa shi cikin motar tasha kamar buhun gero. Sauran muna cikin zaure muna jin ƙarar wucewarsu. Waɗanda muka tsaya da su a ƙofar masallaci ran nan, wasu sun bi Ari, wasu 'ya'ya sun kwashe su, gidajen sun koma hannun baƙi da 'yan haya. Mutanen kirki ne, suna gaisuwa, amma ba wanda ya gaya musu komai.

Na ce "muna", don nima na shiga layi. Bara yanar ido ta rufe mini ido ɗaya, ɗayan ma yana nema ya bi sahu. Ɗana Bashir ya zo daga Yamai, ya yi mini magana mai daɗi, ya tafi da makullin motar da parmina na tuƙi a aljihunsa. Bai yi laifi ba, na kusa take akuyar mutane sau biyu. Motar tana nan gindin dogonyaro, tayoyinta sun sace, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Tun rasuwar mai ɗakina ita ce abokiyar fitata, yanzu sai dai mu kalli juna.

Duk wannan da sauƙi in ba don Yaya Hajara ba. Ita ce yayata, ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, tana aure a wani ƙauye cikin ƙasar Garagumsa, nesa da kwalta. Tun tsakiyar damina ake aiko mini cewa jikinta ya ƙi, tari ya kama ta, kuma tana ta ambatona. Waya ba ta da amfani tsakaninmu, kunnenta ya yi nauyi, in ta ce "Habu ne?" in ce ni ne, ta sake cewa "Habu ne?" har a katse. Zumunta a ƙafa take, ni kuwa ƙafar ce babu. Kwankwasona ba ya barina hawa kabu-kabu. Motar tasha a bakin kwalta za ta zubar da ni, daga nan sai ratsa gonaki da rabin ido. Bashir ya ce in yi haƙuri ya samu hutu. Na ce masa mutuwa ba ta san hutun ma'aikata ba. Tsoro nake ji, in faɗa muku gaskiya, tsoron kada a kira ni gaisuwa maimakon dubiya.

Sai na tuna da kujera. Na fito da ta marigayiya mai ɗakina na kife a ƙofa, na koma zaure da hulata da sandata, ina ɗoki kamar yaron da za a kai kasuwa. Maƙwabcina Lawali, wani matashi mai sayen gyaɗa da ya tare a gidan da ke kallon nawa, yana da mota mai buɗaɗɗen baya, kuma da kaka hanyar Takieta ce hanyarsa. Ya fito, ya danna oda, ya ɗaga murya ya gaishe ni, ya wuce. Da hantsi matarsa Rabi ta kawo mini koko kamar yadda ta saba, ta shigo da kujerar a hannu. "Baba, kun manta kujerarku a waje, kada a ɗauke." Na yi mata godiya. Washegari na sake kifewa, ta sake shigo da ita, har da goge mata ƙasa.

Haka muka yi ta yi. Na yi fushi da Lawali, na yi fushi da Rabi da kokonta, na yi fushi da garin gaba ɗaya. Na san ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Taku kaɗan ne tsakanin ƙofata da tasa, kuma na san ba zai hana ni ba. Na sha miƙewa da niyyar in je, in na kai bakin zaure sai maganar Baba Ɗanjumma ta riƙe mini harshe. Shekara da shekaru ni ke cewa a hau. Sai a lokacin na gane bambancin da Ari ya ce a jira a tsufa.

Ya Falmata ce ta fid da ni, matar Ari. Tun bayan takaba ta koma wurin ɗanta a wata unguwa, ran nan wani suna ya kawo ta layinmu da sassafe, tana takawa a hankali. Na ji takun ya tsaya a ƙofata. Ta leƙo ta ce, "Malam Habu, har an zo nan?" Na ce an zo. Ta tambaye ni ina za ni, na gaya mata. Ta juya ta tsaya tsakiyar hanya daidai lokacin da Lawali ke fito da mota. Ashe zama da masifaffe ba ya tashi a banza. Ta nuna masa kujerar da sanda ta ce, "Kai ɗan nan, makaho ne kai?" Lawali ya fito ya ce, "Wallahi Inna na ɗauka wanke ta ake yi ana kifewa ta bushe." Ta zayyana masa komai a tsaye, tun daga Baba Ɗanjumma. Yaron ya rufe baki da hannu, ya nufo ni da sauri yana cewa, "Baba, ku zo in kai ku." Ya Falmata ta daka masa tsawa ta ce ba haka ake faɗa ba. Ya tsaya, ta gaya masa, ya maimaita kamar ɗan makaranta. Na tashi na raka shi.

Mun bar kwalta bayan Takieta, muka bi ta cikin gonaki, amalanke sai wuce mu suke da dammunan gero. Ni dai addu'a nake kada in hango taron maza a ƙofar gidan. Da muka iso ba taro. Abin da na gani da wannan raunannen idon nawa kujera ce 'yar tsugunno, a kife, a ƙofar gidan Yaya. Ɗanta ya taso daga masussuka yana ba ni haƙuri, wai ruɗin tsufa ne ya kama ta, tun damina kullum sai ta sa an fitar da kujera an kife, in an mayar ta yi ta kuka. Na same ta a zaure a kan tabarma, ta rame ƙwarai, ga ƙullin kayanta ɗaure a gefe. Ta shafa fuskata ta tabbatar ni ne. Na sa baki a kunnenta na ce, "Yaya, ai Ari ya daɗe da rasuwa." Ta ce, "Na sani. Na ɗauka ya bar wani."

Ni a wannan bakin hanya, ita a wancan, kowa ya kife kujera yana jiran ɗan'uwansa, motoci suna ta wucewa a tsakani. Lawali yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai. Ba wanda ya ce masa kanzil. Ya cire takalmi ya shigo, ya durƙusa gabanta, ya ɗaga murya yadda za ta ji ya ce, "Inna, ku zo ku raka mu Damagaram."

Yanzu haka tana ɗakin mai ɗakina, an kai ta likita, ina jin tarinta ina wannan rubutu. Ban san kwana nawa Allah ya rage mana tare ba, kuma hankalina bai kwanta ba, don ban san ƙofa nawa ke da irin kujerarmu a garin nan da ƙauyukansa ba, ana ta mayar da su ciki da ladabi. Ku masu abin hawa da ke karanta wannan, in kun ga kujera a kife kada ku gyara ta. Ku tsaya ku leƙa zaure.

In na auna abin da ya rage na Ari, ba shi da yawa. Gwaggo ta daɗe da zama ƙarfen awo. Gidansa wasu ne a ciki. Kujerar ma na gani da idona, in ba a koya wa na baya ba, itace ce kawai. Abin da ya saura 'yar magana ce guda, wadda ke barin tsoho ya hau mota da girmansa, kuma na ji ta a bakin yaron da bai taɓa ganin Ari ba. Allah ya jiƙan Ari, ya kai haske kabarinsa, ya yafe masa faɗan da ya yi da mu.

A hanyarmu ta dawowa ran nan mun sa Yaya a gidan gaba, ni ina gefenta ina riƙe da ita saboda gargada. Ta daɗe tana kallon Lawali yana tuƙi, sannan ta juyo ta ce da ni, "Habu, wannan ɗan Ari ne ko?"

Ban gyara mata ba.