Anti Ƙarfe Nawa ta ajiye aiki

Shekara talatin da ɗaya, bakwai na safe ba ta taɓa yi wa ungozomar nan a gida ba. Tana shiga ɗakin haihuwa za ta wanke hannu har gwiwa, ta ɗauko filasta da biro, ta bi gado-gado da tambaya guda: "Ƙarfe nawa faya ta fashe?" Ko mace na tsakiyar salati sai ta amsa. Ta rubuta lokacin, ta manna mata a hannu. Shi ya sa ɗalibai suka laƙaba mata Anti Ƙarfe Nawa, a bayan idonta dai.

Dalilinta ɗaya ne. In faya ta fashe haihuwa ta yi jinkiri, ƙwayoyin cuta kan bi daga jikin uwa su shiga jinin jariri, ita kuwa uwar tana jin kanta garau.

Mai sharar ɗakin ce ta ba ni labarin wata haihuwar fari. An rubuta sallama, miji ya kawo mota bakin ƙofa, kakar jaririn ta gama ƙulle kaya. Anti ta duba hannun mai jegon, ta lissafa: awa ashirin da shida da fashewar faya kafin a haihu.

"Ya kama nono yau?"

"Barci yake ta yi," in ji kakar. "Haƙurin ubansa ya ɗauko, ko kuka ba ya yi."

Anti ta taɓa ƙafarsa, ta ji sanyi ƙalau. Ta buɗe zanen, ta tsaya tana ƙirga numfashinsa.

"Hajiya, ku kwance kayan nan. Yaron nan ba haƙuri yake yi ba, ƙarfin kukan ne babu."

Uban ya yi ta faɗa, wai ungozoma ta fi likita sani ne? Ba ta ko kalle shi ba. Ta je ta taso likitan da kanta, aka ɗebi jini, aka sa wa jaririn allurar kashe ƙwayoyin cuta kafin ma sakamako ya fito. Da ya fito, cutar ce. Kwana goma suka yi. Ranar da yaron ya tsala ihu, kakar ta zauna a ƙasa tana kuka. Uban kuwa kunya ta hana shi shigowa, a mota ya jira su.

Anti, ke ce mai hana tafiya, ke ce aka fi zagi a bakin ƙofa. Ba ki da fara'a, wannan kowa ya shaida, kuma ba mu ce ki sake hali ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku da kuka gaje ta, ku jure fushin dangi kamar yadda ta jure. Wanda ya tafi yana zaginku da ɗansa a hannu, gobe zai huce.