Muryar Inna a Bakin Kawu

Jiya wani yaro ya wuce ƙofar gidana yana kaɗa gwangwani, sai Kawu ya faɗo mini a rai, haushinsa kuma ya taso sabo fil.

Ƙanen Inna ne. In ka tambaye ni sana'arsa, ban san wadda zan faɗa maka ba. Ya kaɗa kalangu, ya goga kukuma, ya taka rawa, ya ɗaura zane ya koma tsohuwa, duk a fili ɗaya. Daga Gummi har Bukkuyum da Anka ake zuwa ɗaukarsa a babur. Gonarsa ta fadama kuwa, ciyawa ta fi shinkafa tsawo. Mu a gida kunnensa ne ya addabe mu. Yadda Kaka ke tari, yadda Baba yake ciniki, duk sai ya kwashe ya kai gaban jama'a. In an yi masa faɗa ya ce, "Ni ban ƙaga komi. Abin da mutane ka ɓoyewa shi nika nuna musu."

Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta faɗin sunana, ba ta ko dubana a gaban mutane. "Ke" ce ni, ko "waccan". Matan unguwa har misali suke yi da kunyarta, ita ma da wannan take taƙama.

Wata damina ƙyanda ta kwantar da ni, ban san inda kaina yake ba. Ashe Kawu ya zo dubiya, ya laɓe a bayan asabari yana saurare. Bayan an yanke shinkafa muka je wani biki, fili cike da mata, Inna tana cikinsu. Sai ga shi da ɗankwali, rungume da matashin kai. Ya zauna irin zaman Inna, ya share hanci da gefen zane, ya shiga kiran sunana da muryarta sak, yana cewa, "Tashi mana, ɗiyata. Kak ki yi min haka."

Wuri ya yi tsit, sannan shewa ta ɓarke. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fice.

Kai, mutumin nan! Da la'asar ya shigo gida yana washe baki. "Yaya, kin ga yadda sunka yi tsit?" Ko haƙuri bai bayar ba. Inna ta ce kada ƙafarsa ta sake taka gidanmu, bai kuwa sake ba. Ita ma ta yi shekaru ba ta leƙa taron biki ba.

Yanzu ni kaina nakan ƙwala wa ɗan farina kira da sunansa daga zaure, ba mai ɗaga kai. Inna kuwa har ta koma ga Allah tana riƙe da kunyarta. Ban huce da Kawu ba har gobe. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk tsawon rayuwata sau ɗaya na ji sunana da muryar uwata, shi ma a bakin wannan marar kunya.