Agogo Biyu a Kan Tabarma

Saura kaɗan in bar labarin nan a cikina, don mai shi yana nan da ransa a Wudil, kuma har yau in aka ɗauko zancen sai ya miƙe ya ce zai je ya kama ruwa. Amma na tuna taubashina ne, ɗan kawuna, ni ɗan mace shi ɗan namiji, kuma tun muna yara babu wanda ya taɓa yi wa bakina linzami a kansa. In ban faɗa ba, wa zai faɗa?

Alhajin nan ɗan kasuwar hatsi ne. Yana sayen gero da dawa da wake daga Dagumawa da Ɗankaza da sauran ƙauyuka, ya tara a sitonsa da ke bakin kasuwa, ya jira farashi. Mutum ne mai riƙon hannu. Ba ya cin goro, ba ruwansa da sabuwar mota, tsohuwar a-kori-kurarsa sai an tura take tashi. Amma kowa da inda Allah ya ajiye masa rauninsa, shi nasa agogon hannu ne. Yana da wani akwati da aka shimfiɗa wa karan-miski a ciki, agogai kwance a jere kamar jarirai. Kullum in ya idar da lazimin safe sai ya buɗe, ya goge wannan, ya murɗa wa wancan kai, ya kai wani kunne yana lumshe ido. Maiɗakinsa takan ce ko 'ya'yan cikinsa ba ya sauraronsu haka.

Matsalarsa ɗaya ce, yabo. Ni na yi yawo, na zauna Kwatano, na zauna Agadas, na yi Injamena da Jidda. A wasu wuraren in ka yaba takalmin mutum sai ya ce ya gode ya wuce abinsa. Mu kuwa kun sani, in babba ya dubi abin hannunka ya ce kai wannan ya yi kyau, to magana ta ƙare, sai ka ciro ka miƙa da hannu biyu kana murmushi, ko cikinka na kuka. Ta haka Alhaji ya taɓa rasa wani agogo da yake ji da shi, a wani biki a Kano zamanin soja, wani babba mai kaki ya yaba. Tun daga nan ya koyi zama da hannun riga a sake.

Da soja suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, kowa na murna, shi ma yana yi, amma da ƙorafinsa. Ya ce a da masu yabon 'yan kaɗan ne kuma ana gane su daga nesa. Yanzu kuwa kowa ya zama babba. Wannan ciyaman ne na wani abu, wancan ɗan takara ne, wancan kuma ƙanin ɗan takara, kuma duk sai sun biyo ta sito sun gaisa.

A cikin shekarun nan ne, lokacin da sabuwar jami'a ta fara kawo mana baƙi gari, wani mutumin Kano da ke safarar kaya daga Jidda da Dubai ya kawo masa agogo biyu. Sun daɗe suna hulɗa, don haka ya bar masa su duka, ya ce ya zauna da su 'yan kwanaki, wanda ya kwanta masa a rai ya biya, ɗayan ya mayar. Alhaji kuwa kuɗin guda ɗaya ya ware daga ribar wake, shi ma sai da ya yi ta istihara.

Ya aiko a kira ni. Na same shi a ɗakinsa ya rufe ƙofa ya saki labule kamar mai rabon gado.

Na farko ƙato ne, na farin ƙarfe, fuskarsa shuɗiya kamar ruwan kogi in rana ta yi tsaka. Yana da nauyi a hannu, ba ya tsoron ruwa, ba ya son batir, motsin hannunka ne abincinsa. In ka shiga da shi duhu sai lambobinsa su riƙa haske. Na biyun kuwa ɗan siriri ne, farar fuska, maɗaurin fata ruwan ƙasa, babu ado ko ɗaya. In ka gan shi a tire a tasha ba za ka tsaya ba. Kuma sai an murɗa masa kai kowace safiya, in ba haka ba ya yi barci. Amma Alhaji ya juya min bayansa, akwai gilashi, ana hango 'yan ƙafafun injinsa suna juyawa kamar tururuwa na aiki. Ya ce da hannu aka haɗa shi a ƙasar Turawa, kuma ya fi ƙaton tsada nesa ba kusa ba. Babu zinare a jikin ko ɗaya, wannan tun farko ya sharɗanta wa mai kawowa.

Ya tambaye ni wanne na gani. Na ce ai ni duk wanda ya saya, ranar cika-ciki zan zo in karɓa a madadin kuɗin shara. Ya ce ɗan mace ba ya gadon agogo, in yi maganar hankali.

Da na matsa masa sai ya faɗi gaskiyar abin da ke cinsa. Zuciyarsa na kan shuɗin. Amma shuɗin ba ya ɓuya, ko makaho ya ji ƙarar maɗaurinsa sai ya tanka, kuma bai ga yadda zai kai damina a hannunsa ba tare da wani babba ya yaba ba. Siririn kuwa zai zauna lafiya har jikoki, don babu mai kallonsa. To amma mene ne amfanin ka zuba dukiya a abin da babu wanda zai ce maka sannu? Na ce wato yana son a gani amma kar a yaba. Ya ce haka ne. Na ce to sai ya koma Kwatano.

Shi ya ƙirƙiro dabarar da kansa. Ranar Juma'a, ranar kasuwa, zai ɗaura su duka, shuɗi a hagu, siriri a dama, ya sa babbar riga. In ƙaramin mutum ya zo, wanda yabonsa ba ya cin kaya, sai ya ɗan janye hannun riga ya ga wanne ido zai bi. In babba ne kuwa sai ya saki riga ya naɗe hannu.

Na je na zauna a bencin sito don kar a ba ni labari. Gari ya cika, motocin shanu na ta wucewa, ƙura da kukan awaki. Alhaji ya zama kamar mai rawa, ya ɗaga wannan kafaɗa ya sauke waccan. Masu awo suka ga shuɗin suka yi ta santi. Wani dillali ya riƙe hannun ya ƙi saki sai da ya ga yadda zoben fuskar ke juyawa. Siririn kuwa mutum ɗaya ne ya lura da shi, wani malamin jami'a da ya zo sayen wake, ya dube shi ya dubi Alhaji ya jinjina kai ya wuce. Wannan jinjina kan ta ƙara rikita shi. Duk wanda ya tambaya kuwa sai ya ce ai nasa ne duka biyun, yana faɗa yana gyara hula.

Da aka fara kiran salla sai ya shimfiɗa tabarma a ƙofar sito, ya naɗe hannun riga, ya kwance su duka ya ajiye a gefe, ya ɗauki buta. Ya wanke fuska ke nan muka ji sallama.

Kawuna ne, yayan mahaifinsa, wanda shi yake kira Baffa. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsa, shi ya ba shi jarin farko, shi ya yi masa aure. Tsoho ne manomi a Lajawa, ba ya shigowa gari sai da dalili, ranar kuma ya kawo rago ne kasuwa. Ya zauna a kan tabarmar nan, dab da agogan. Muka durƙusa aka yi ta gaisuwa, ya gida, ya iyali, ya gajiya, ya aka ji da rana, ya mai jiki a gidan wane. Alhaji na amsawa ruwa na ɗiga daga gemunsa, idonsa na kan tabarma.

Kawu ya sunkuya ya ce, “Waɗannan fa, duk naka ne?”

Masu awo na tsaye, dillalin nan ma bai tafi ba. Mutumin da ya wuni yana cewa nasa ne, da wane baki zai ce na aro ne?

“Nawa ne, Baffa.”

Kawu ya ɗauki shuɗin ya auna nauyinsa a tafin hannu. Alhaji ya bi hannun da ido. Amma tsohon ya san nauyin bakinsa, bai ce ya yi kyau ba, Masha Allahu kawai ya ce, ya ajiye shi a hankali can nesa da shi kamar mai ajiye ƙwai. Alhaji ya saki numfashi.

Sai Kawu ya shiga ba mu labari. Wai tun da siyasa ta dawo an sa shi cikin dattawan mazaɓa, kuma yaran yanzu ba sa cewa a haɗu bayan la'asar, sai su ce ƙarfe kaza. Ya je taro ya tarar an watse, ya je wani ya wuni shi kaɗai a gindin bishiya. Labarun rediyo ma sai ya kunna ya tarar ana sallama. Yana magana hannunsa na lalubar siririn. Ya kai kunne.

“Wannan ɗan tsohon ma ashe yana aiki. To ka riƙe mai tsadar, irin naku ne na 'yan birni. Ni wannan ya yi min kyau, ba sai ka yi wata ɗawainiya ba.”

Wallahi ban taɓa ganin murmushi irin na Alhaji a ranar ba. Haƙora duk a waje, ido kuwa kamar an yanka albasa. Ya ce, “Naka ne, Baffa.” Shi da kansa ya ɗaura masa, yana ta laluben hudar maɗaurin. Kawu ya yi ta sa albarka, yana gaya wa masu awo cewa shi ba ya son ɗora wa yaro nauyi, shi ya sa ya ɗauki ƙaramin.

A masallaci kusa da shi na tsaya. Da liman ya kai ƙarshen Fatiha, amin ɗin Alhaji ko ni ban ji ta ba.

Da yamma na ce masa ai sai ya gode Allah, ruwan ido ya ƙare, an zaɓa masa. Ya ce in ban fita daga sitonsa ba zai auna ni a mudu. Amma ya riƙe rigata ya sa na yi alkawari ba zan gaya wa Baffa kuɗin agogon ba. Ya ce in tsohon ya ji, kunya ba za ta bar shi ya yi barci ba, kuma mutumin da ya riƙe shi yana maraya bai cancanci haka ba. Ya cika kuɗi ya biya siririn, shuɗin ya koma Kano. Mai kawowar ya yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar Alhaji ya daina fita da agogo kwata-kwata, na akwati ma sai dai a ɗaki.

Sai kuma ga sabon hali. Mutumin da sai salla-salla yake leƙa Lajawa ya koma kusan kowane mako a-kori-kura na kan hanya. Ya gaida Baffa, ya zauna kusa, ya ce bari ya ga ko agogon na tafiya daidai. Ya karɓa ya goge da gefen rigarsa, ya kai kunne, ya murɗa masa kai a hankali. Ya roƙi tsohon ya riƙa cirewa in zai yi alwala, kar kuma ya je gona da shi. Kawu ya ce to, ya samo leda ya riƙa naɗe hannun in zai yi noma. Dangi suka yi ta yaba zumuncin Alhaji, ana kafa misali da shi ga yara. Ni kuwa nakan bi shi wani lokaci don in ga yadda yake sallama da agogon kafin ya yi sallama da mai shi.

Bayan kaka na je Lajawa ni kaɗai gaida Kawu. Muka ci tuwo a zaure, ya kori jikoki, ya matso kusa da ni ya rage murya. Ya ce ya daɗe yana lura, yaron nan hannunsa fayau, mai ƙyallin nan ba ya tare da shi, ga shi kullum in ya zo sai ya ƙura wa wannan ɗan tsohon ido kamar mai jin yunwa. Ya kwance ledar, ya dubi agogon, ya dube ni.

“Kai da ka zaga duniya, kuma ba ka rufa masa asiri, gaya min gaskiya. Kasuwa ce ta karye masa har ya sayar da mai tsadar? In mayar masa da ɗan wannan ya riƙa maneji, ko zai ji na raina shi?”